Kwana 23 a ɗakin masu tarin fuka: abin da na gani a wani asibitin Garwa

Kwana biyu da kama azumin 2024 na ɗauko ƙanwata daga Pitowa zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, a motar maƙwabcinmu, tana jingine da kafaɗata, tana haki kamar wadda ta hau dutse da kaya. Da aka ɗora ta a sikeli, kilo 41 ta yi. Wannan mace ce da a da ita kaɗai take sauke buhun wake daga kan babur, ta jiƙa, ta surfa, ta kai niƙa, kafin a fito sallar asuba kaskon ƙosanta ya hau wuta. Ranar kuwa zanenta sau biyu ya zagaye ta.

Na yi kwana 23 ina jinyarta a asibitin, sannan muka shafe wata shida muna zirga-zirgar karɓar magani. Tun daga lokacin mata da dama sun ja ni gefe, a wurin biki ko bayan an tashi daga makarantar da nake koyarwa, suna tambaya ta ƙasa-ƙasa: wurin nan yana da kyau? Suna tona asiri? Nawa ake kashewa? Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani, da izinin ƙanwata, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ba. Sunan asibitin ma zan sakaya shi, domin ina da ƙorafi, kuma a cikin ma'aikatan akwai waɗanda har gobe ina yi musu addu'a. Ɗaya ne daga cikin asibitocin Garwa masu sashen tarin fuka, wanda a takarda ake kira CDT, wato cibiyar gwaji da ba da magani, da kuma sashen kula da masu ɗauke da HIV, ƙwayar da ke haddasa sida, wato ƙanjamau.

Tarin ya fara ne da hunturu. Kowa ya ce ƙura ce da hayaƙin itace. Ta sha maganin tari na kwalba, ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro har sau uku, aka ce taifod ne aka yi mata allurai. Inna kuma tun farko ta tsaya a kan sammu ne, saboda cinikin ƙosan ya fi na kowa a layin, don haka jiƙo da rubutu ba su yanke ba. A watan Janairu na matsa mata ta kai kakinta gwaji a ƙaramin asibiti. Aka duba da madubin likita sau biyu, aka rubuta a karne, wato littafinta na asibiti, cewa ba a ga BK ba, wato ƙwayar tarin fuka kamar yadda ake kiranta a nan. Muka yi hamdala, muka koma gida. Wannan takardar ita ta ci mana wata biyu.

Likitan da ya karɓe mu a Garwa saurayi ne, da ganinsa bai daɗe da gama makaranta ba, amma bai ɗauki takardar nan a matsayin hukunci ba. Tambayoyi huɗu ya fara yi mata: tana tari? Tana zazzaɓi? Ta rame? Tana gumin dare? Duk huɗun ta amsa da e. Ya shafa wuyanta ya ji kaluluwa jere kamar ƙwayoyin gurjiya, ya haska bakinta ya ga farin abu ya rufe harshe. Sai ya tambayi yadda mijinta ya rasu. Shekara uku ke nan, an ce mana shawara ce ta kama shi bayan doguwar jinya, ba wanda ya sake tayar da maganar. Likitan ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce duk wanda ake zargin yana da tarin fuka ana ba shi shawarar gwajin HIV, ba don an ga wani abu a fuskarsa ba, ƙa'idar aikin ce. Ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ɗaga kai.

A nan zan fara yabo. Matar da ke ba da shawara ta shigar da ita wani ƙaramin ɗaki ita kaɗai, ni ma aka ce in jira a waje. Ba a gaya mini komai ba. Bayan kamar rabin sa'a aka kira ni, na tarar da ita ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce, "Yaya, sida ce." Na ce, "To, Allah Ya kawo mu inda magani yake." Ban san daga ina maganar ta fito ba, domin ƙafafuna rawa suke yi. Matar ta bar mu muka yi kukanmu, ba ta hanzarta mu ba, ko da yake akwai layi a ƙofa. Fulatanci take ji sosai, kuma da shi ta yi wa ƙanwata bayani, tunda ita ba ta yi nisa a boko ba.

Washegari sakamakon CD4 ya fito, 62. Likitan ya juya bayan karne ya yi mini zane da biro, kuma wannan bayanin nasa shi ne abu mafi amfani da na samu a asibitin gaba ɗaya, har ya fi wasu allurai. Ya ce ƙwayoyin CD4 su ne kamar manyan dakarun jiki, mai lafiya yana da 500 zuwa sama, wanda ya faɗi ƙasa da 200 ciwon ya yi nisa. Ƙwayar tarin fuka kuwa tana kwance a jikin mutane da yawa ba tare da ta tayar da kai ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙarta. Garkuwar jiki ce take killace ta. Idan HIV ya cinye dakarun, sai ta ɓalle. Shi ya sa mai HIV ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin fuka fiye da ninki goma, kuma tarin fuka shi ne abin da ya fi kashe masu HIV a duniya.

Na ce, "To Likita, me ya sa gwajin kaki bai nuna ba?" Ya ce ai a nan mutane suke faɗawa rami. Tarin fukan da kakanninmu suka sani, mai tari da jini da ramuka a huhu, yaƙi ne tsakanin ƙwayar da jiki mai ƙarfi. Faɗan ne yake huda huhu, ƙwayoyin su zubo cikin kaki da yawa har madubi ya gan su. Jikin da ba shi da dakaru ba ya wannan faɗan. Ƙwayar sai ta bi jini ta watsu, ta shiga kaluluwa, ta shiga ciki, ta shiga rigar zuciya, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Kakin sai ya fito da ƙwaya kaɗan ko babu, hoton ƙirji ma yakan fito kamar ba wani abin tashin hankali. Ya ce an tattara binciken da aka yi a kan gawarwakin manya masu HIV da suka rasu a asibitocin ƙasashe matalauta, aka tarar kusan huɗu cikin goma tarin fuka ne a jikinsu, kuma kusan rabin waɗannan ba a gano ba har suka cika. Da ya faɗi haka sai mijin ƙanwata ya faɗo mini a rai, yadda ya ƙare fata da ƙashi a kan tabarma muna ta dafa masa sassaƙe.

Yanzu ga ƙorafina na farko. Akwai na'urar da ake kira GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010. Ita ba ƙwayar take nema da ido ba, ƙwayoyin halittarta take ganowa, cikin kamar sa'a biyu, kuma tana faɗin ko ciwon yana jin maganin rifamfisin ko ya bijire. Asibitin yana da ita. Amma ranar da aka karɓi kakin ƙanwata 'yan kwalayen da ake sakawa a ciki sun ƙare, da aka kawo su kuma wuta ta ɗauke. Gwajin sa'a biyu ya zama na kwana biyar. Akwai kuma gwajin fitsari mai suna LAM, wanda aka yi shi musamman don irin ƙanwata, masu HIV da ke kwance a asibiti da CD4 ƙasa sosai, yana ba da amsa kafin rabin sa'a. Likitan da kansa ya ce shi ya kamata a fara yi, amma babu shi a lokacin. Ban ga laifin ma'aikatan ɗakin gwaji ba, na ga yadda suke fifita da kwali cikin zafin Maris na Garwa. Amma asibitin da ake kawo wa mutane daga Gidar da Lagdo da Ngong bai kamata ya rasa irin waɗannan kaya ko na yini ɗaya ba.

Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, shi ne likitan bai zauna jiran na'ura ba. A kwana na uku ya dubi hoton ƙirji, ya dubi kaluluwar, ya dubi yadda numfashinta yake ƙara sauri, ya ce zai fara maganin tarin fuka a kan abin da idonsa ya gani, domin mai irin wannan hali jira na iya kashe shi. Da sakamakon ya fito sai ya tabbatar da maganarsa: akwai ƙwayar, kuma tana jin magani.

Maganin ƙwayoyi uku ne kowace safiya, gwargwadon nauyinta, kowace ƙwaya ta haɗa magunguna huɗu: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata biyu ana shan wannan, sannan wata huɗu a koma mai haɗin biyu. Ana sha ne kafin a ci komai, kuma a gaban ma'aikaciya. Shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, wadda kowa ke kira Majo, ba ta yarda a ajiye wa mutum magani a kan akwati a wuce. Sai ta tsaya da kofin ruwa ta ga an haɗiye. Tun ranar farko ta ce wa ƙanwata, "'Yata, fitsarinki zai koma ja kamar manja, har hawaye da zufa. Ba jini ba ne, kada ki tsorata. Amma idan idonki ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinki ya fara dishi-dishi, a kira ni ko tsakar dare ne." Da ba ta faɗa ba, na tabbata ranar da Inna ta ga abin da ke cikin fo da ta ce a tattara a koma gida. Aka haɗa mata da kotirimokzazol, wanda ke kare masu raunin garkuwa daga wasu cututtukan huhu da na ciki, da kuma bitamin B6 saboda isoniyazid yana sa ƙafa ta riƙa zugi da mutuwa. Shi bitamin ɗin mu muka saya a waje.

Maganin HIV bai fara tare da na tarin ba, kuma na yi ta ƙorafi a raina har aka yi mini bayani. Ana fara na tarin fuka tukuna, jiki ya saba, sannan cikin mako biyu a shigo da na HIV. Ita a kwana na goma aka fara mata: ƙwaya ɗaya mai haɗin tenofobir, lamibudin da dolutegrabir. A nan ne na ga amfanin a ce sassan biyu suna asibiti ɗaya suna magana da juna. Rifamfisin yana sa hanta ta riƙa narkar da dolutegrabir da sauri, don haka mai shan su tare sai an ƙara masa wata ƙaramar ƙwayar dolutegrabir bayan sa'a 12. A takardar farko da aka ba mu ba a rubuta ƙarin ba. Mai ba da magani ne ya buɗe karnen ya ga tana kan maganin tari, ya tashi da kansa ya je ya samo likita aka gyara. Kuskure ne, kuma na rubuta shi a matsayin kuskure, amma an kama shi kafin mu bar tagar. Na yi tunanin mutanen ƙauye da ke karɓar maganin tari a wani gari, na HIV a wani gari, kowanne ɓangare bai san da ɗayan ba, saboda majinyacin yana jin kunyar faɗa.

Ɗakin matan gado takwas ne. Fanka ɗaya ke aiki. Masu jinya muna kwana a baranda a kan tabarma, a nan muke sahur, a nan muke buɗe baki, kowa da 'yar kular kununta. Ruwan famfo yana zuwa da dare, don haka duk mai hankali tana tara jarka. Makewayin ba zan tsaya bayaninsa ba, ku dai zo da bokiti da sabulu da ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta naku. Faɗan da ake yi kullum a ɗakin a kan tagogi ne. Tsofaffi suna rufewa wai iska tana ƙara wa mai tari ciwo, Majo tana zuwa tana buɗewa. Tana cewa tarin fuka ba a kwano yake ba, ba a cokali ko gaisawa yake ba, a iskar ɗaki yake, kuma taga buɗe ta fi kowane turare. Gaskiyarta ce. Sai dai tagogin ba su da raga, ga sauron Binuwai, don haka da ta juya baya ake sake rufewa. Raga ta 'yan dubbai za ta kashe wannan rigimar.

Abin da ya fi damuna a ɗakin shi ne cakuɗa majinyata. Akwai wata yarinya mai HIV da aka kwantar saboda gudawa, ba ta da tarin fuka, amma da gado ya yi ƙaranci aka sa ta tsakanin mata biyu masu tari da ba su kai mako da fara magani ba. Bayan bayanin da likita ya yi mini, ganin wannan ya hana ni barci. Wanda ya yi kamar mako biyu a kan magani mai aiki yaɗawarsa tana raguwa ƙwarai, amma sabon zuwa fa? Na yi wa Majo magana, ta ce ta sani, tana jiran a sallami wata a ɗakin gefe. Kwana biyu yarinyar ta yi a wurin kafin a mayar da ita. Takunkumi ma kowa shi ke sayen nasa, wanda ba shi da kuɗi ya rufe hanci da gefen mayafi.

Gadon da ke kusa da namu wata baiwar Allah ce daga wajen Ngong, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta san tana da HIV tun haihuwarta ta fari, ta sha magani shekaru, ta yi ƙiba ta yi kyau. Da ta sake aure ta koma wani ƙauye sai ta daina karɓa, don kada sabon miji ya ga kwalbar. Shekara guda da 'yan watanni aka kawo ta wuyanta a sanƙare, ba ta gane mutane. Aka ɗebi ruwan bayanta, aka ce tarin fuka ne ya hau ƙwaƙwalwa, irin sanƙarau ɗin da yake zuwa a hankali da ciwon kai na makonni. Ita ba a yi gaggawar mayar da ita kan maganin HIV ba, likita ya ce a irin wannan sai an jira makonni, domin kumburi a cikin kai yana iya kisa. Mahaifiyarta tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, ni nake yi mata tafinta. Kullum da la'asar takan jiƙa tsumma ta goge wa 'yar tafin ƙafa, tana kiran sunanta na yarinta a hankali. Ranar 24 ga Maris, ranar tarin fuka ta duniya, wadda aka tsayar don tunawa da ranar da Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar a 1882, an rataya ƙyalle a bakin asibiti ana ta jawabi. A daren ranar 'yar tata ta cika. Tsohuwar ta naɗe tabarmarta, ta miƙo mini ragowar sukarin da ta zo da shi, ta ce, "Ki dama wa taki." Har yau idan na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. A shekarar 2023 kaɗai, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum kusan 161,000 masu HIV ne tarin fuka ya kashe, kuma duk lokacin da na ga adadin fuskar matar nan nake gani.

Maganar sirri, wadda ita aka fi tambaya ta. A ɗakin shawara da wurin likita ba mu ga matsala ba. Amma wani dare wani ma'aikaci da ke karɓar aiki ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana tambayar abokin aikinsa da ƙarfi ko "ta gado na uku" ta sha ARV ɗinta, wato maganin HIV. Duk wanda ya zauna a Kamaru ya san haruffan nan uku. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska har safe. Na kai ƙara, Majo ta ba mu haƙuri, bai sake ba, amma magana zarar bunu ce. Sannan ƙofar sashen HIV a fili take, benci a waje, duk mai wucewa zuwa ɗakin haihuwa yana ganin wanda ke zaune. Sau ɗaya muka yi kiciɓis da wata 'yar unguwarmu. Ba ta ce komai ba, mu ma ba mu ce ba, sai daga baya na lura ita ma karne ne a hannunta.

Batun kuɗi kuwa, kada a ruɗe ku da kalmar kyauta, kada kuma ta hana ku zuwa. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasar nan, na HIV ma kyauta ne tun 2007, kuma daga Janairun 2020 gwamnati ta soke kuɗaɗen da ake biya a kan ayyukan HIV a asibitocinta. Mu dai ba mu biya ko dala ba a kan gwajin HIV, da magungunan biyu, da gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, kuma ba wanda ya nemi na goro a hannunmu. Amma kuɗin gado, hoton ƙirji, ƙarin ruwa, gwajin hanta da ƙoda, da leda biyu na jini da aka ƙara mata bayan ƙannenmu sun bayar a madadi, duk daga aljihunmu suka fito. Ga abinci, domin asibiti ba ya ciyarwa, kuma da magani ya fara aiki yunwa take taso wa majinyaci kamar wuta. Kunun gyaɗa, ƙwai, kifi, romon kaza, madara. Da na haɗa lissafi ranar sallama, mun kashe sefa dubu 140 da ɗoriya. Na sayar da tunkiya biyu, na karɓi adashina kafin lokaci. Wanda ba shi da albashi ko dangi, ban ga yadda zai yi ba, kuma na ga waɗanda suka gudu da majinyacinsu da dare saboda kuɗin gado.

An sallame mu saura mako guda sallah, tana iya takawa zuwa bakin titi. Kafin mu tafi likitan ya zaunar da mu ya ce akwai abin da zai iya faruwa: idan maganin HIV ya fara tayar da garkuwar jiki, dakarun da suka farfaɗo sukan afka wa ragowar ƙwayoyin tarin da ƙarfi, sai zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta kumbura, a ga kamar ciwon ya dawo sabo. Ya ce hakan ya fi faruwa ga masu CD4 ƙasa sosai irinta, kuma kada a dakatar da ko ƙwaya ɗaya, a dawo da ita kawai. Ana jajibirin sallah kuwa wuyanta ya kumbura kamar ƙwan kaza, jiki ya ɗau zafi. Inna ta ce, "Kun gani ko? Maganin nasara ya yi mata ƙarfi, a bar shi haka." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, an gaya mana za a yi haka." Ranar sallah da hantsi muna asibiti. Likitan da ke bakin aiki ya duba ta, ya tabbatar ba wani sabon ciwo ba ne, ya rubuta mata maganin rage kumburi na 'yan makonni. Kafin wata ya zagayo wuyan ya saɓe.

Ba su tsaya a kanta ita kaɗai ba. Sun ce a kawo duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Aka duba 'ya'yanta biyu, aka yi musu gwajin HIV, duka ba su da shi, kuma ranar ce karo na farko da na ga ta yi dariya tun hunturu. Ƙaramar, mai shekara huɗu, aka ɗora ta a kan maganin rigakafin tarin fuka, kamar yadda ake yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka zauna da mai ciwon. Ni ma an yi mini tambayoyin nan huɗu an ɗauki hoton ƙirjina.

Watannin da suka biyo baya ba su da labari mai yawa: layi, sikeli, kaki a wata na biyu da na biyar da na shida, kwalayen magani a ƙasan jaka. Layin yakan kai azahar idan ba a yi sammako ba. Sau ɗaya a watan Agusta ruwan sama ya hana mu zuwa ranar da aka ba mu, kwana biyu kacal, sai ga waya daga wata ma'aikaciyar sa-kai tana tambayar ko lafiya, kuma ta yi dabara ba ta ambaci asibiti ba sai da ta tabbatar ƙanwata ce ta ɗauka. A watan Satumba aka rufe fayil ɗin tarin fuka, aka rubuta ta gama magani. Ƙaramar ƙwayar dare ta ci gaba da sha har mako biyu bayan nan, sannan aka tsayar. Gwajin jini ya nuna ƙwayar HIV ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta. Sikeli ya nuna 56.

Idan aka tambaye ni ko zan kai wani nawa wurin, zan kai, ba tare da jinkiri ba, musamman wanda ya haɗa tari da rama da gumin dare alhali an ce kakinsa ba komai. Zan ce masa ya nemi gwajin GeneXpert da bakinsa, ya yarda a yi masa na HIV a rana ɗaya, ya faɗa wa kowane likita duk magungunan da yake sha. Ya zo da mai jinya mai jin Faransanci ko Fulatanci, mai iya buɗe baki ta yi tambaya, domin na lura wanda ba shi da mai magana a madadinsa shi ake mantawa a gadon ƙarshe. Wanda ya riga ya san yana da HIV kuma ba ya tari, ya tambayi sashen maganin rigakafin tarin fuka, suna bayarwa.

Lahadin da ta wuce na je kasuwar Pitowa na same ta a bakin kasko, ta ɗaure hanci da ɗankwali saboda hayaƙi, yara sun yi layi da kwanoni. Ƙarfe takwas daidai wayarta ta yi ƙara a cikin zane. Ta miƙa wa babbar 'yarta matsami, ta shiga bayan rumfa da kofin ruwa, ta fito tana goge baki, ta ce, "Yaya, na nawa zan zuba miki?"